Gasa Tsakanin Salon Faɗa da Muhimmancin Karawar Gwaji

Gabatarwa

A wannan shafi mun kawo bayani a kan wata muhawara da ta daɗe a tsakanin masu wasannin faɗa, wato wane salo ne ya fi wani: dambe ko kokawa, kareti ko judo, ko kuwa damben Turawa da ake kira boksin. Dalilin kawo wannan bayani shi ne yadda matasa a garuruwa da ƙauyukanmu ke shiga ƙungiyoyin koyon faɗa, alhali iyaye da dagatai da jami'an wasanni na ƙananan hukumomi suna bukatar ma'aunin da za su gane horo na ƙwarai, domin kada a ci kuɗin yaro a banza, ko kuma a jefa lafiyarsa cikin haɗari.

Rabe-raben Salon Faɗa

Ana iya kasa wasannin faɗa gida biyu. Gida na farko shi ne na masu bugu, kamar dambenmu na gargajiya, da boksin, da kareti wanda ya samo asali daga tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, da kuma takwando na ƙasar Koriya. Gida na biyu shi ne na masu kamu da kayarwa, kamar kokawa da judo. Kowane malami yakan fifita nasa salon, wani saboda kishin abin da ya gada, wani kuma saboda neman almajirai. Finafinan ƙasar Sin, musamman na Bruce Lee wanda ya rasu a shekarar 1973, sun ƙara rura wutar wannan gardama a majalisun matasa.

Har ila yau, hanyoyin horo iri biyu ne. Akwai maimaita tsararren motsi, wanda Japanawa ke kira kata, inda almajiri ke kai bugu da karewa shi kaɗai, ko kuma tare da abokin da ya riga ya san abin da za a yi. Akwai kuma karawar gwaji, inda mutum biyu ke fuskantar juna a ƙarƙashin doka, kowa yana neman nasara, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. A kan wannan hanya ta biyu ne bayaninmu ya fi karkata.

Abin da Tarihi Ya Nuna

A shekarar 1882 wani malami Bajapane mai suna Jigoro Kano (sunansa ba shi da alaƙa da birnin Kano) ya buɗe makarantar Kodokan a birnin Tokyo, inda ya kafa wasan judo. Ya tsamo shi ne daga tsohon salon jujutsu, amma sai ya ware dabarun da ke iya kisa ko nakasa mutum, ya bar waɗanda almajirai za su iya gwadawa a kan juna da dukkan ƙarfinsu kullum. Wannan gwaji shi ake kira randori. Hikimarsa ita ce, dabarar da aka gwada sau ɗari a kan mai turjiya ta fi amfani a kan muguwar dabarar da ba a taɓa gwadawa ba. A shekarar 1964 judo ya shiga wasannin Olamfik da aka yi a Tokyo.

Wani almajirin Kodokan mai suna Mitsuyo Maeda ya isa ƙasar Brazil a shekarar 1914, kuma ta hanyarsa ne iyalan Gracie suka koyi wannan ilimi, suka mayar da hankali a kan kamu bayan an faɗi ƙasa. A watan Nuwamba na shekarar 1993 aka shirya gasar UFC ta farko a birnin Denver na ƙasar Amurka, aka haɗa mutum 8 daga salo daban-daban ba tare da raba su bisa nauyi ba. Royce Gracie, wanda yake cikin marasa nauyi a cikinsu, shi ya lashe gasar bayan karawa uku a dare ɗaya, kuma babu wadda ta kai minti 3. Daga nan masu bugu suka shiga koyon kamu, masu kamu kuma suka shiga koyon bugu.

Wannan bai nuna cewa salon bugu ba shi da daraja ba, domin a shekarar 2009 Lyoto Machida, wanda ya tashi a gidan kareti kuma ya saba da karawa tun yana ƙarami, ya ci kambun UFC. A ɗaya ɓangaren kuwa, a watan Afrilun 2017 a birnin Chengdu na ƙasar Sin, wani mai horarwa a faɗan haɗaka mai suna Xu Xiaodong ya doke wani malamin salon taici, Wei Lei, cikin ƙasa da rabin minti. Abin da ya raba su shi ne sabo da karawa. Gani ya kori ji.

Yana da kyau kuma a lura cewa dokar wasa tana da tasiri ga sakamako. A watan Yunin 1976 Muhammad Ali ya kara da ɗan kokawar Japan Antonio Inoki a Tokyo. Da yake an taƙaita wa Inoki kamu da kayarwa, sai ya shafe mafi yawan turmi 15 a kwance yana harbin ƙafafun Ali, aka tashi kunnen doki. Saboda haka karawa ɗaya ba ta isa ta yanke hukunci a kan salo baki ɗaya ba.

Amfanin Karawar Gwaji

Karawar gwaji tana koya wa almajiri abubuwan da maimaita motsi ba ya koyarwa. Na farko shi ne sanin tazara, wato inda hannun abokin karawa ke iya kaiwa. Na biyu shi ne sanin lokacin kai hari da lokacin ja da baya. Na uku shi ne tattalin numfashi, domin wanda bai saba ba yakan gaji tun a turmin farko. Na huɗu shi ne natsuwa bayan an sha bugu. Bugu da ƙari, tana rage girman kai, domin wanda ake kayarwa a wurin atisaye ya san iyakarsa, kuma da wuya ya tsokani faɗa a kasuwa. Maimaita motsi ma yana da nasa amfanin wajen gyara tsayuwa da ƙarfafa jiki, sai dai shi kaɗai bai wadatar ba.

Matsayin Dambe da Kokawa

Wasanninmu na gargajiya sun ginu ne a kan karawa tun asali. Dambe, wanda aka san shi da rundawa, akan yi shi ne da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma shi ne garkuwa. Akan yi turmi uku, kuma wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa an ce ya yi kisa. Yaro yakan tashi a hannun ubangidansa, har ma a laƙaba masa sunansa, a ce Shagon wane ko Autan wane, kuma a fili ake sanin matsayinsa a gaban 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada. Haka nan kokawa, wadda a Jamhuriyar Nijar ake yi wa gasar takobi ta ƙasa tun daga shekarar 1975.

Duk da haka, kowannensu yana da giɓi. Ɗan dambe bai saba da kamu ba, ɗan kokawa kuma bai saba da kare fuska daga naushi ba. Sannan a al'adance ba a raba 'yan dambe bisa nauyi, abin da kan sa a haɗa ƙaramin yaro da wanda ya fi ƙarfinsa.

Haɗarin da ke Ciki

Yawan bugu a ka yana illa ga ƙwaƙwalwa. Tun a shekarar 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da ke kama tsofaffin 'yan boksin, wanda alamominsa suka haɗa da rawar jiki, da nauyin baki, da tangaɗi wajen tafiya. Don haka karawar gwaji ta ƙwarai ita ce wadda ake sassauta bugu, ana neman ilimi, a bar cikakken ƙarfi sai ranar gasa.

Shawarwari ga Iyaye da Jami'ai

1. Kafin a ba wata ƙungiya fili ko tallafi, a je a kalli atisayenta, a ga ko almajirai suna karawa da juna a ƙarƙashin kulawar malami.

2. A tambayi mai horarwa inda ya yi karatu da gasannin da ya shiga, kuma a tuntuɓi hukumar wasanni ta jiha domin tabbatarwa.

3. A haɗa masu karawa bisa shekaru da nauyi da ƙwarewa, kuma a hana ƙananan yara bugun ka.

4. A tanadi safar hannu da robar kare haƙora, da yashi ko katifa a wurin kayarwa.

5. Duk wanda ya suma, ko ya yi amai ko jiri bayan bugu, a dakatar da shi nan take a kai shi asibiti, kada ya koma fili sai da izinin likita.

6. A tabbatar da alƙalin wasa da jami'in lafiya a duk wata gasa ko ajo, kuma a hana gayyatar faɗa tsakanin ƙungiyoyi a wajen fili.

7. A yi hattara da mai da'awar cewa salonsa ya fi ƙarfin a gwada shi.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da sarakunan dambe da su riƙa auna kowace ƙungiya da irin horon da take bayarwa da kuma yadda take kare lafiyar yaran da aka damƙa mata. Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar sashen wasanni na ƙaramar hukumarsa.