Yunwar Gizo a Cikin Akwatin Talabijin

Na daɗe da lura da wani abu game da shirye-shiryen yara da muka kalla muna ƙanana a Nima da Mamobi: kusan duk labarin da ya fi ba mu dariya da yunwa yake farawa. Mai ba da labari za ta ce a wani zamani an yi fari, gona ba ta yi ba, rumbu ya ƙare. Daga nan sai Kwaku Ananse ya shigo yana magana ta hanci, mu kuwa mu fashe da dariya, mu manta da jimlar farko. Ni a ganina jimlar nan ta farko ita ce ainihin labarin, kuma tarihin iyayenmu ne aka naɗe a cikinta aka miƙa mana.

Talabijin ta fara aiki a Gana ranar 31 ga Yuli 1965, a zamanin Kwame Nkrumah, kuma Shirley Graham Du Bois, matar shahararren masanin nan na Amurka, ita ce ta fara shugabantar ta. Nkrumah ya so ta zama makaranta ga jama'a, kada ta tsaya ga nishaɗi kawai. Ba a yi wata bakwai ba sojoji suka kifar da shi, ranar 24 ga Fabrairu 1966, amma wannan ra'ayi na koyarwa ya zauna a gidan. Gidan kuwa yana Kanda, maƙwabciyar Nima, yaro ma zai iya takawa da ƙafa. Duk da wannan kusanci, akwatin ya fi yi mana magana da Turanci da Tonanci. Hausa a rediyo muka fi jin ta, lokacin labarai.

A shekarun 1990, lokacin da na yi wayo, ba kowane ɗaki ke da talabijin ba. A babban gidan haya da muka tashi, mai akwati yakan fito da ita tsakar gida, mu shimfiɗa tabarma, na bayan gida su leƙo ta katanga. Akwai Kyekyekule na Uncle George Laing, mai waƙoƙi da wasanni. Amma wanda ya fi kama mu shi ne By the Fireside, wato hira a bakin wuta, wanda Grace Omaboe take gabatarwa, wadda kowa ya fi sani da Maame Dokono. An shirya wuri kamar tsakar gidan ƙauye, yara sun kewaye ta, ana kiɗa ana waƙa, 'yan wasa suna kwaikwayon labarin yayin da take ba da shi. Ƙungiyar mata ta 31 ga Disamba, wadda Nana Konadu Agyeman-Rawlings take jagoranta, ita ce ta tsaya wa shirin.

Mu 'yan Zango ba mu buƙaci a gabatar mana da Ananse ba. Muna ganinsa muka gane Gizo ne ya sauya riga. Na Tonawa yana magana ta hanci, namu yana da tsamin baki. Na Tonawa yana da ɗa mai hankali, Ntikuma, namu yana da Ƙoƙi mai haƙuri. Dukansu raggwaye ne, makwaɗaita, marasa ƙarfi, kuma dukansu sukan kayar da giwa da zaki da baki kawai. Wannan haɗuwa ta daɗe. Littafin tatsuniyoyin Hausa da R. S. Rattray ya buga a 1913 a nan ƙasar aka tattara shi, lokacin tana Gwalkwas, kuma wani Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami. Ashe tun zamanin fataken goro Gizo ya riga mu sauka a zango.

Mai karatu, ɗauki sanannun labaran Ananse guda biyu ka sake duba su da idon babba. A na farko, ana cikin yunwa ya samo wata tukunya mai cika kanta da abinci. Ya ɓoye ta, yana ci shi kaɗai yana ƙiba, matarsa da 'ya'yansa suna ramewa, har suka gano asirin. A na biyu, ya yi kamar ya mutu, bayan ya bar wasiyya a binne shi a gona tare da tukunya da turmi, don ya riƙa tashi cikin dare yana cinye amfanin da iyalinsa suka noma. A ƙarshe ɗan mutum-mutumin danƙo ya kama shi, gari ya waye, kunya ta sa ya haye kusurwar rufin ɗaki, inda yake har yau. Yaro yana ganin mahaukacin wasa. Babba yana ganin uba da yunwa ta raba shi da tausayin 'ya'yansa, da iyali da suka yi makokin mutumin da yake raye yana satar abincinsu. Da wuya a sami abin da ya fi wannan ciwo a gida, amma an ba mu shi da ganga da tafi.

Manyan da suke tsaye a bayan tabarmarmu sun san wannan yunwa da idonsu. A 1983 fari da gobarar daji sun cinye gonakin Gana. A watan Janairu na shekarar kuma gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takarda su bar Najeriya, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo ƙasar da ba ta iya ciyar da na cikinta ba. Mahaifiyata takan ce a shekarar an yi layi ana sayen dokunu ɗanye, kowa ya je gida ya dafa da kansa, don ba wanda zai iya jira ya nuna. Ƙashin wuyan mutane ya fito har aka laƙaba masa suna sarƙar Rawlings. Shekara goma kawai ke tsakanin wannan da lokacin da muke dariyar Ananse da tukunyarsa. Na tuna cewa tsofaffin gidanmu ba su cika yin dariya tare da mu a irin wuraren nan ba. Sukan ce Allah ya kyauta, su ci gaba da tsince shinkafa.

Zango kuma yana da nasa ciwon na daban. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana goma sha huɗu ya fita daga ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka tafi, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da sauransu, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su kuma ba su san wata ƙasa ba. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a shekarun 1930, ta ga ɗakuna sun zama kango cikin mako biyu. Waɗanda suka rage sun koyi yin magana a hankali da sanin lokacin ɓuya. Mutumin da ya rayu haka, in ya ji labarin ƙaramin halitta da ke zaune tsakanin manyan dabbobi, ba shi da ƙaho ba shi da farce, sai dabara, ya san da wa ake. Haka ma bayin da aka kwasa daga wannan gaɓa suka tafi da Ananse har Jamaika, inda ake ba da labarinsa har gobe. Wanda aka ƙwace wa komai yakan riƙe labarin da mara ƙarfi yake cin nasara a cikinsa.

Rattray, a littafinsa na 1930 kan tatsuniyoyin Tonawa, ya bayyana cewa ba a yin su sai dare, kuma mai bayarwa yakan fara da cewa ba da gaske yake ba. Wannan ya ba talaka damar ya yi wa sarki ko maƙwabci mai zalunci ba'a da sunan dabba, ba tare da an kama shi ba. Mu ma haka muke rufewa: ba don Gizo ba da na yi ƙarya. A talabijin, ƙarshen kowane labari akan tambayi yara darasin da suka koya, su ce kwaɗayi ba shi da kyau, a yi wa iyaye biyayya. Darasin gaskiya ne. Sai dai washegari a makarantar allo ba wanda yake kwaikwayon Ntikuma mai hankali. Kowa Ananse yake so ya zama.

A wasu ƙasashe masu shirin yara sun zaɓi su kira baƙin ciki da sunansa. Da Will Lee, mai fitowa a matsayin Mista Hooper a Sesame Street, ya rasu a Disamba 1982, masu shirin sun ƙi cewa ya yi tafiya. A Nuwamba 1983 suka nuna manya suna gaya wa Big Bird cewa ya mutu kuma ba zai dawo ba. A 2002 Takalani Sesame na Afirka ta Kudu ya fito da Kami, 'yar tsana mai shekara biyar, mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda mahaifiyarta ta rasu da cutar. A 2011 Kami ta iso Najeriya cikin Sesame Square a NTA. Duniya ta yi ta muhawara ko ya dace a nuna wa yara marainiya irin wannan. Kakanninmu ba su taɓa yin wannan muhawara ba. 'Yar bora da aka tura wanki ruwan Bagaja, da marainiyar da kishiyar uwa ke hana wa tuwo, da su aka yaye mu. Sun san cewa cikin yaran da ke saurare akwai wadda labarinta ne, kuma gara ta ji cewa irinta takan dawo gida da arziki.

Akwai kuma wani baƙin ciki da ya shafi shirin kansa. An kunna wuta a talabijin ne saboda ta fara mutuwa a gidaje. A Nima, inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya, uwa ta tashi da asuba don koko da ƙosai, kaka tana can Bawku ko Salaga ko Sakkwato, wa zai zauna ya ce ga ta nan ga ta nanku? Maame Dokono ta zama kakar yaran ƙasa baki ɗaya, kuma ta yi aikin da kyau. Amma kaka ce da ba ta jin tambaya, ba ta kuma san wane yaro ne ya kwana bai ci ba. Gizo da Ƙoƙi da Botorami kuwa ba su sami kujera a bakin wutarta ba, har yawancinmu muka tashi mun fi iya ba da labarin Ananse da Tonanci fiye da na Gizo da Hausa.

Yau akwatin tsakar gida ya ba wa wayar hannu wuri, yaro yana kallo shi kaɗai a lungu. Waɗannan zane-zanen ma cike suke da marayu da ɓatattun yara da iyayen da ba sa gida, domin masu yin su ma mutane ne. Abin da ya ragu shi ne babban da ke tsaye a baya yana cewa Allah ya kyauta, wanda daga muryarsa yaro yake gane cewa akwai wani abu ƙarƙashin dariyar. Shi ya sa in 'ya'yan ƙanwata suka nuna mini abin da suke kallo, nakan zauna har ya ƙare, sannan in tambaye su ina uwar yaron nan take, ko me ya sa wancan yake satar abinci. In sun kasa amsawa, sai in ba su labarin Gizo da Hausa, in bi shi da labarin 1983 kamar yadda kakarsu ta ba ni.