Kalma Ɗaya da Babu a Sashe na 232: Zubar da Ciki da Doka a Ƙetaren Kogin Kaduna

Tsakure

Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 ake kallon Kogin Kaduna a matsayin iyaka tsakanin dokoki biyu. Wannan maƙala ta gwada wannan zato a kan batun zubar da ciki, ta hanyar bin salsalar sashe na 232 na Final Kod na Arewa da kwatanta shi da Kiriminal Kod na kudancin Nijeriya. An gano cewa macen Sabon Tasha ko Kakuri tana ƙarƙashin nassin da ya fi na 'yar uwarta ta kudu ƙunci, kuma tushen ƙuncin Indiya ce ta 1860.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya san Kaduna kafin 2000 ya san unguwannin da suka cakuɗa, musamman kewayen masaƙun Kakuri, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 ta tara ma'aikata daga ko'ina. Rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 suka sa kowa ya nemi inda nasa suke. Kiristoci suka yi yawa a Television, Narayi, Unguwar Romi, Sabon Tasha da Gonin Gora, Musulmi kuma a Rigasa, Tudun Wada da Kawo. Daga nan aka fara maganar "ƙetare" kamar wata ƙasa ce daban mai nata hukuncin. A fagen zubar da ciki, wannan magana ta haifi ɗaukar da ake yawan ji har a bakin masu ilimi: wai arewacin kogi shari'a ce ta hana, kudancinsa kuma "dokar Bature" ce mai sassauci. Abin da aka sa gaba a nan shi ne nuna cewa rabin biyun wannan magana kuskure ne.

2.0 Bitar ayyukan da suka gabata

Ayyukan ƙididdiga ba su ne abin jayayya ba. Bankole da abokan aikinsa (2015) sun ƙiyasta cewa an zubar da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya a 2012, wato 33 ga kowace mace 1,000 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma mata 212,000 sun je asibiti da matsalar da ta biyo baya. Binciken PMA2020 na 2018, wanda Kaduna ke cikin jihohi bakwai da ya shafa, ya nuna fiye da kashi 60 cikin ɗari ana yin su ta hanya mai hatsari.

Jayayyar tana tare da masu fafutukar da ke cewa Yarjejeniyar Maputo ta 2003 ta riga ta warware komai. Gaskiya ne sashe na 14(2)(c) ya nemi ƙasashe su halatta zubar da cikin fyaɗe, da na muharrami, da wanda ke barazana ga lafiyar uwa, kuma Nijeriya ta amince da ita a 2004. Sai dai sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya sharɗanta cewa yarjejeniyar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. An yi wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam haka a 1983, shi ya sa Kotun Ƙoli ta dogara da ita a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000. Ba a yi wa Maputo ba. Lauyan da ya shiga kotun majistare a Kaduna da takardar Maputo kaɗai a hannu, ya je farauta ba kare. Haka ma Jagorar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta 2018 kan zubar da ciki bisa dalilan da doka ta yarda: jagora ce ga likita, ba ta da ikon ƙara ko harafi ɗaya a dokar jiha.

3.0 Hanyar bincike

An karanta sassa na 232 zuwa 236 na Final Kod, da na 228 zuwa 230 da 297 na Kiriminal Kod, an kwatanta su da kakanninsu da kuma hukunce-hukuncen Bourne da Edgal da za a yi bayaninsu a ƙasa.

4.0 Sakamako

4.1 Wace doka ce ke hawa kan macen ƙetare?

Dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci da Jihar Kaduna ta yi a 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Musulmi kaɗai take hawa. Duk wanda ba ta hau ba, Final Kod ne nasa, wanda jihar ta sake yi wa sabon kundi a 2017 ba tare da buɗe wata ƙofa ban da ceton ran uwa ba (lambobin sassan da ake kawowa a nan na tsohon kundin ne). Kiriminal Kod bai da hurumi ko a Gonin Gora. Kogin ya raba makwanci, amma majalisar da ke zama a Lugard Hall guda ce.

4.2 Kalmar da babu

A 1938 wasu sojoji suka yi wa yarinya 'yar shekara 14 fyaɗe a Landan. Likita Aleck Bourne ya zubar da cikin, ya kai kansa ga hukuma da gangan don a gwada doka. Dokar Ingila ta 1861 ta hukunta wanda ya yi hakan "ba bisa doka ba". Alƙali Macnaghten ya kama wannan kalma: tunda majalisa ta ce akwai zubarwar da ba bisa doka ba, to akwai wadda take bisa doka, kuma likitan da ya yi imanin ciki zai ragargaza jikin mace ko hankalinta yana aikin kare rayuwarta ne. Aka sallami Bourne. A shekarar kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, a shari'ar Edgal, ta yi aiki da irin wannan karatu a kan Kiriminal Kod, domin shi ma yana ɗauke da kalmar. Wannan ce kafar da lauyan kudu ke bi ya shigar da lafiya cikin ma'anar rai.

Sashe na 232 ba shi da wannan kalma. Ya ce duk wanda ya sa mai ciki ta yi ɓari da gangan yana fuskantar ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14, ko tara, ko duka biyun, sai idan ya yi da kyakkyawar niyya don ceton ran matar. Nassin ya faɗi togaciyarsa da bakinsa, bai bar wa alƙali giɓin da zai cike ba. Macnaghten ya samu ɗaki ne marar ƙofa ya sara masa. Alƙalin Kaduna ya tarar an riga an sara ƙofar, kuma 'yar siririya ce. Ƙari a kan haka, "duk wanda" ya haɗa da matar kanta, alhali Kiriminal Kod ya ware mata sashe na 229 mai shekara 7. Ita kuma "kyakkyawar niyya" a Final Kod ba tsarkin zuciya take nufi ba, kundin ya fassara ta da kulawa da taka-tsantsan da suka dace, don haka mai kemis ko unguwar zoma da wuya su fake da ita ko da ran suke son cetowa.

Daga ina wannan zubi ya fito? A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da Farfesa J.N.D. Anderson. Suka ba da shawarar a ɗauki samfurin kundin Sudan, wanda shi kuma ɗan kundin Indiya ne na 1860 da Macaulay ya tsara. Aka zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumban 1960. Sashe na 232 namu jikan sashe na 312 ne na Indiya, togaciyar iri ɗaya ce. Abin da zai ba mai karatu dariya ko takaici shi ne Indiya ta sassauta nata tun 1971. Mu da muka ara muka riƙe gam.

Nassin bai yi kama da fiƙihu ba. Malikiyya, a mashhurin zance kamar yadda Dardir ya kawo, ta hana fitar da ciki tun kafin kwana 40, ko da yake Lakhmi ya yi rangwame a wannan tsakani. Amma fiƙihu yana magana ne da matakai: gudan jini, tsoka, busa rai a kwana 120, kuma hukuncinsa na duniya gurra ce da ake biya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ma ta yarda a 1990 da zubar da ɗan tayi mai mummunar naƙasa kafin kwana 120 idan likitoci sun tabbatar. Sashe na 232 bai san kwana ba. Bai kuma yi kama da koyarwar Katolika ba, wadda ke da asibitin St. Gerard a Kakuri: wasiƙar Paparoma John Paul II ta 1995 ba ta yarda da zubarwa kai tsaye ba ko da don ceton uwa. Limami da fada, kowa yana kare wannan sashe a kan mumbari yana zaton gadon gidansu ne.

4.3 Gyaran 2020

A Satumban 2020 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Gyaran bai taɓa batun cikin da fyaɗen ya bari ba. Da za a kawo yarinyar Bourne Narayi a yau, doka za ta yi wa sojojin hukunci mai tsanani, ta kuma iya gurfanar da likitan. A ganin mai binciken wannan ba mantuwa ba ce. 'Yan majalisa sun ga abin da ya faru a Imo, inda aka soke dokar 2012 da ta sassauta zubar da ciki a 2013 bayan coci ta tashi tsaye; Legas ma daga baya ta dakatar da jagorarta kan zubar da ciki a Yulin 2022, kwanaki kaɗan da ƙaddamar da ita. A garin da komai ke raba gaɓa biyu, wannan na cikin 'yan abubuwan da shugabannin addinan biyu za su haɗa baki a kai, kuma ɗan siyasa ya san haka.

Abin da ya rage wa mata shi ne harshe. Hausa ta raba ɓari, wanda daga Allah ne, da zubarwa, wadda aikin hannu ce. Misoprostol, da aka yi wa rajista a Nijeriya a 2006 don tsayar da jinin haihuwa, yana kawo zubar jinin da ba a iya bambanta shi da na ɓari. Mace ta isa asibiti ta ce "ɓari na yi", a yi mata wankin ciki, wanda halal ne a doka, ba wanda ya tona. Wannan lulluɓi yana aiki ga wadda ta iso da wuri. Wadda tsoro ya zaunar a ɗaki kwana uku tana jini, ba ya yi mata komai.

5.0 Iyakar bincike

Za a ce binciken nassi ne kawai, bai ƙirga ƙararraki a kotunan Chikun da Kaduna ta Kudu ba, kuma alƙaluman da ya kawo na ƙasa ne baki ɗaya. Haka ne. Za a kuma ce alƙali mai ƙarfin hali zai iya faɗaɗa "ceton rai" ya haɗa da yarinyar da ke barazanar kashe kanta. Zai iya, amma sai an samu likitan da zai yarda ya zama Bourne na Kakuri, ya sa lasisinsa da shekara 14 na rayuwarsa a faranti.