Daga Alƙalami zuwa Na'ura: Tarihin Neman Saiwar Kalma a Ibrananci

Duk wanda ya karanci sarfu a gaban malami ya san yadda Larabci ke gina kalmominsa a kan baƙaƙe uku. Ibrananci ma haka yake. Daga saiwar sh-m-r ake samun shamar, ya tsare. Yishmor, zai tsare. Da shomer, mai tsaro. Aikatau yana da manyan sigogi 7 waɗanda ake kira binyanim, watau gine-gine, adadin da ya yi daidai da azuzuwan aikatau 7 da Parsons ya fitar wa Hausa a 1960. Sai dai ba kullum baƙaƙen ukun ke bayyana ba. Saiwar n-t-n ta bayarwa tana iya komawa tet, nun biyu duk sun ɓace. To, ta yaya ɗalibi zai nemo wannan kalma a ƙamusun da aka jera bisa saiwa? Tarihin kayan koyon Ibrananci, tarihin amsa wannan tambaya ne.

A ƙarni na 10, a birnin Ƙurɗuba na Andalus, Menahem ben Saruk ya ɗauka cewa akwai saiwa mai baƙi biyu, har ma da mai ɗaya. Yahuda Hayyuj, haifaffen Fas, shi ne ya warware matsalar wajen shekara ta 1000. Ya yi nazarin nahawun Larabawa, ya kuma yi rubutu da Larabci, inda ya nuna cewa kowane aikatau baƙaƙe uku gare shi, sai dai raunana daga cikinsu kan ɓuya ko su narke cikin maƙwabtansu, bisa ƙa'ida. Ibn Janah ya ɗora da nahawu da ƙamus, sa'an nan Dawuda Kimhi na Narbon ya sauƙaƙa ilmin cikin littafinsa Mikhlol. Daga nan Turawa suka ɗiba: Reuchlin a 1506, Gesenius a 1813.

Jadawali yana koya wa ɗalibi ya tashi daga saiwa zuwa kalma, alhali mai karatu komawa baya yake bukata. Sabili da haka a 1848 Benjamin Davidson ya buga ƙamus a Landan, wanda ya jera kowace kalma ta Tsohon Alkawari yadda ta zo a rubuce, tare da saiwarta da sigarta. Wannan aiki na hannu shi ne kakan manhajojin yau.

A 1977 Eep Talstra ya kafa ƙungiyar bincike a Amstadam domin shigar da nassin cikin kwamfuta. A Filadelfiya ta Amurka kuma, Alan Groves ya jagoranci irin wannan aiki a makarantar Westminster, bisa nassin kundin Leningirad da aka rubuta wajen 1008. An raba kowace kalma gaɓa-gaɓa, an liƙa mata jinsi da adadi da siga, masana suna bi suna gyarawa. Daga irin waɗannan rumbuna ne manhajoji da yawa suke ɗibar amsa idan ɗalibi ya taɓa kalma. A ɓangaren harshen zamani, Cibiyar Harshen Ibrananci da aka kafa a 1953 ta ɗora jadawalin suna da na aikatau a intanet.

Duk da haka akwai inda na'ura ke tuntuɓe. Ibranancin yau galibi ba a sa masa wasulla, kamar ajamin da ba a yi wa wasali ba. Baƙaƙen s-f-r suna iya zama sefer, littafi. Ko safar, ya ƙidaya. Ko sappar, wanzami. Jimla ce kaɗai ke raba gardama. Na'ura tana iya kawo dukan ukun cikin ƙiftawar ido, har ta yi hasashen wanda ya fi dacewa, amma ɗalibin da bai san ƙa'idojin Hayyuj ba ba shi da abin da zai auna hasashen da shi. Shi ya sa har yanzu malaman Ibrananci suke sa ɗalibai haddace jadawalin aikatau.