Ross, Ƙauyen da Mutanen Sham Suka Gina Masallaci a Filin Dakota

A jihar Dakota ta Arewa, can ƙuryar ƙasar Amurka, inda fili ya miƙe babu kurmi sai ciyawa iyakar ganin ido, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Ross, wanda aka kafa a 1902 a bakin hanyar jirgin ƙasa, kuma ba don al'amari guda ba, da babu marubucin da zai ɓata tawadarsa a kansa.

Asalin al'amarin kuwa wata doka ce da hukumar Amurka ta kafa a 1862, wadda ta yi alkawarin mallaka eka 160 ga wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar. Da labari ya isa ƙasar Sham, wadda a zamanin take hannun Daular Usmaniyya, ta Turkawa fa, ba ta Sakkwato ba, sai waɗansu talakawa Musulmi suka ƙetare teku, suka kama gonaki kewaye da Ross, suka shuka alkama, suka yi haƙuri da hunturun da ke daskarar da ruwa wata da watanni. Ba su da shaihin malami, ba su da alƙali, amma duk da haka ba su yar da farilla ba, gida gida suke taruwa ran Juma'a, wanda ya fi su karatu ya ba da salla.

A 1929 suka gina masallaci, gajeren gini wanda rabinsa ke cikin ƙasa, da niyyar ɗaga shi in hali ya samu. Hali kuwa bai samu ba, gama a shekarar nan tattalin arzikin Amurka ya karye, fari ya biyo baya, jama'a ta watse neman abinci. Waɗanda suka saura suka yi auratayya da maƙwabta, Larabci ya ɓace a bakin jikoki, da yawansu ma suka koma Kirista. A ganina rashin makaranta ya fi fari yi musu ɓarna, domin jama'ar da ba ta da mai karantar da yara, gini ba ya riƙe ta.

An rushe tsohon ginin bayan ya lalace, sa'an nan a 2005 zuriyarsu suka gina wani ƙarami mai ƙubba kusa da maƙabarta. Masana tarihi suna lissafa na farkon cikin masallatan da aka fara ginawa a Amurka, alhali mutanen Ross, a ƙidayar 2010, ko ɗari ba su cika ba.