Ranar da teku ya shiga gidan wuta: labarin Fukushima

Shekara da shekaru, har zuwa 2023, manyan motoci sun riƙa saukowa daga Arlit ɗauke da gangunan uraniyom, su bi ta Tawa da Doso, su nufi bakin teku a Kwatano. Sau da yawa in muna karatu da maraice wani cikin dattawa yakan tambaye ni: “Malam, wai wannan ƙasar da ake haƙowa, me ake yi da ita?” Amsa ita ce, wutar lantarki ake yi. Yau zan ba ka labarin wata ƙasa da ke sayen uraniyom, da abin da ya same ta, da yadda mutanenta suka yi da masifa ta zo.

Ƙasar ita ce Japan. Tsibirai ne can gabas mai nisa, bayan ƙasar Sin. Ba su da man fetur kamar na Larabawa, shi ya sa suka dogara ga wutar nukiliya. A farkon shekarar 2011 suna da tukwanen nukiliya 54, suna ba su kusan kashi 30 cikin 100 na lantarkinsu.

Me ake nufi da tukunyar nukiliya? Wata ƙatuwar tukunya ce ta ƙarfe. Ana gyara uraniyom, a jera shi cikin sanduna, a nutsa su cikin ruwa. Sai ya yi zafi da kanshi, ba icce, ba gawayi. Ruwa ya tafasa, tururi ya juya inji, inji ya ba da wuta. Amma akwai sharaɗi. Ko an kashe tukunyar, sandunan ba su hucewa nan da nan. Kamar garwashi ne cikin toka. Tilas a riƙa zuba masu ruwa dare da rana. In ruwa ya yanke, sai su narke, guba ta fito. Gubar nan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Sai da na'ura ake sanin tana wuri. Riƙe wannan, don shi ne tushen duk tsoron da za ka ji.

Ran Juma'a 11 ga watan Maris 2011, ƙarfe 2 da minti 46 na rana, ƙasa ta girgiza ƙarƙashin teku. A nan wajenmu gari ya waye ke nan. Ba a taɓa auna girgiza mai ƙarfinta ba a Japan. Teku ya kumbura, ya taso ma tudu. Japanawa suna kiran wannan igiya sunami. Ta kwashe gidaje da motoci da jiragen ruwa. Mutum kusan dubu 16 suka mutu, wasu 2.500 ba a ga ko gawarsu ba.

A bakin tekun, cikin jahar Fukushima, akwai gidan wuta na kamfanin TEPCO mai tukunya 6. Guda 3 ne ke aiki a ranar, kuma suka kashe kansu kamar yadda aka tsara. Layin lantarki na waje ya yanke, injunan ko-ta-kwana suka tashi suna tura ruwa. Bayan kamar minti 50 igiyar ta iso. An yi shiri don ruwan da bai kai mita 6 ba, wanda ya zo kuwa ya kai mita 14, kamar a ɗora mutum 8 bisa kan juna. Injunan suka nutse, famfo ya tsaya. Ran 12 ga wata ginin tukunya ta 1 ya fashe, ran 14 na ta 3, ran 15 na ta 4. Iska ta ɗauki gubar.

Gwamnatin faraminista Naoto Kan ta fara cewa wanda ke cikin kilomita 3 ya tashi. Da safe ta ce 10. Da maraice ta ce 20, wato kamar daga Damagaram zuwa Mirriya. Mutane suka fita da tufafin jikinsu, suna tsammanin kwana biyu za su yi su dawo. Suka bar shanu a ɗaure, suka bar abinci cikin tukunya. Daga baya waɗanda suka bar gidajensu sun haura dubu 160.

Abin da ya fara ba duniya mamaki shi ne natsuwarsu. Ga sanyi, ga yunwa, amma suka yi layi don karɓar ruwa da shinkafa, ba turereniya, ba wawaso. Sai dai wannan natsuwa ta dogara ga abu guda: sun yarda hukuma tana faɗa masu gaskiya. Wannan yardar ce ta fara tsagewa.

Dubi mutanen garin Namiye. Ba wanda ya faɗa masu inda iska ta nufa. Shugabannin garin suka kai dubban mutane wani yanki da ake kira Tsushima, arewa maso yamma, suna ganin sun yi nisa. Suka yi kwanaki can, yara suna wasa waje, ana dafa abinci da ruwan rafi. Ashe can gubar ta bi. Gwamnati kuwa tana da na'urar da ke lissafin hanyar iska, amma ba a fito da lissafin ba sai daga baya. Ka yi tunanin maigari ya san rijiya ta lalace, ya yi shiru yana kallon mata suna ɗiba. Haka mutanen Namiye suka ji. Shi kuma kamfanin, sai watan Mayu, bayan wata biyu, ya amsa cewa sandunan sun narke tun kwanakin farko.

A garin Minamisoma an ce mutane su zauna cikin ɗaki, su rufe tagogi. To, abinci fa? Direbobi suka ƙi shiga garin don tsoro. Kantuna suka rufe, man mota ya ƙare. Magajin garin, Katsunobu Sakurai, ya zauna gaban na'urar ɗaukar hoto ya yi kira ga duniya, ya ce an bar mutanenshi cikin yunwa. Aka yaɗa maganar ta intanet, sannan taimako ya fara zuwa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na manoma da makiyaya, don irinmu ne. Ƙauyen Itate yana da nisan kilomita kamar 40 daga gidan wutar, a lokacin mutanenshi kusan dubu 6, an san shi da shanu masu kyau. Ba ya cikin da'irar da aka zana. Amma ruwan sama da ƙanƙara suka sauko da gubar bisa gonakinshi. Sai ran 22 ga Afirilu aka ce su ma su tashi, bayan sun yi sama da wata guda cikinta. A wasu wurare masu nono suna tatsa kullum suna zubarwa, don an hana sayarwa. Cikin da'irar kilomita 20 dabbobi da yawa suka mutu da ƙishirwa a turkensu, a watan Mayu kuma gwamnati ta ce a kashe waɗanda suka rage. Wasu makiyaya suka ƙi. Suka riƙa komawa suna ba shanun ciyawa, sun san ba mai saye, ba mai ci. A watan Yuni wani mai nono na yankin Soma ya kashe kanshi. Ya bar rubutu a bangon rumfar shanunshi cewa da ba gidan wutar nan da bai kai ga haka ba. Duk wanda ya sayar da saniyar da ta rage mashi a shekarar fari ya san abin da ke zuciyar mutumin nan.

Nesa da wurin kuwa, tsoro ya riga gubar gudu. Tokiyo, babban birnin, yana da nisan kilomita kamar 240, kusan daga Maraɗi zuwa Damagaram. Ran 23 ga Maris aka ce kada a ba jarirai ruwan famfo. Nan da nan ruwan kwalba ya ƙare a kantuna. Faransa ta shawarci ƴan ƙasarta su bar birnin, Amurka ta ce nata su yi nisan kilomita 80 da gidan wutar. Sai Bajapane ya ce: tawa gwamnati ta ce 20, ta wasu ta ce 80, wa zan yarda da shi?

A ƙasar Sin gishiri aka yi ma wawa. Ka san gishiri mai iyod da ake cewa mu ci saboda maƙoƙo. Jita-jita ta bazu cewa yana tsare mutum daga gubar. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya ciki, don wani kashi na gubar a wuya yake taruwa, kuma likitoci suna da ƙwayar iyod da ke tare shi. Amma abin da ke cikin gishiri bai taka kara ya karya ba. Mutum zai halaka da cin gishiri kafin ya samu kariyar. Duk da haka aka kwashi buhu-buhu. Da ƙura ta lafa, wasu suka koma kantuna suna roƙon a karɓa a mayar masu da kuɗinsu.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Waɗanda suka gudo daga Fukushima, wasu masaukai sun ƙi karɓarsu. An riƙa tsokanar ƴaƴansu a lakwal, ana gudunsu kamar masu cutar da ake ɗauka. Alhali ba a ɗaukar wannan abu daga jikin mutum kamar ƙyanda. Wanda ya yi wanka ya sake tufafi ba ya cutar da kowa. Tsofaffi suka tuna haka aka yi ma waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945, har aure ya yi masu wuya.

Mata su ne suka fara juya tsoro ya zama aiki. A watan Afirilu gwamnati ta sa iyakar gubar da yara za su iya zama cikinta a lakwal, ta ninka ta lokacin lafiya sau 20. Wani masani mai ba faraminista shawara, Toshiso Kosako, ya ajiye aikinshi yana hawaye. Iyaye suka ɗebo ƙasar filin wasan yara cikin leda, suka kai ta gaban manyan ma'aikata a Tokiyo. Kafin ƙarshen Mayu gwamnati ta sassauto, aka shiga kankare ƙasar filayen lakwal. A garin Iwaki wasu iyaye mata suka haɗa kuɗi da gudummuwa, suka samu na'ura, suka koyi aiki da ita. Kowa ya kawo shinkafarshi ko kifinshi a auna, ya karanta lambar da idonshi. Gani ya kori ji. Hukuma ma ta bi sahu: daga 2012 zuwa 2019 kowane buhun shinkafar Fukushima sai da aka auna shi, buhu kusan miliyan 10 a shekara. Daga girbin 2015 ba a sake samun wanda ya wuce iyaka ba. Amma a kasuwa, sunan Fukushima kaɗai ya isa ya karya kuɗin kaya.

Japanawa ba mutanen zanga-zanga ba ne, amma suka fito. Ran 19 ga Satumba 2011 dubban mutane suka taru a Tokiyo, masu shirin suka ce sun kai dubu 60. A 2012 kowace Juma'a da maraice ana cincirindo ƙofar gidan faraminista. A watan Mayu na shekarar ba tukunya ko ɗaya da ke aiki a duk ƙasar. Mutane suka rage fitila, ma'aikatu suka sake lokutan aiki. A watan Yuli kwamitin da majalisar dokoki ta naɗa ya ce wannan haɗari aikin ɗan Adam ne, an iya tsare shi, don an san igiya mai girma tana iya zuwa ba a gyara ba. Daga baya, tun 2015, aka riƙa sake kunna wasu tukwanen sannu-sannu. A Italiya aka yi ƙuri'a a watan Yuni 2011, sama da kashi 90 cikin 100 suka ce ba su so. Jamus ta rufe tukunya 8 a shekarar, ta kashe na ƙarshe a watan Afirilu 2023.

To, gubar mutum nawa ta kashe? A nan ne labarin ya ɗaure kai. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi shekaru suna bincike, suka ce ba su ga cutar da za a iya jingina ma gubar ba cikin jama'ar yankin. A 2018 gwamnati ta biya diyyar ma'aikaci ɗaya da ciwon daji na huhu ya kashe. Amma gudun kanshi ya ci rayuka. An kwashe tsofaffi da marasa lafiya daga wani asibiti cikin manyan motoci, suka yi sa'o'i a hanya ba magani, kusan 50 suka mutu. Wasu baƙin ciki da zaman sansani suka ƙarasa su. A jahar Fukushima irin waɗannan sun haura dubu 2, sun fi waɗanda igiyar ta kashe a jahar. Ni dai ba zan ce gudun kuskure ne ba. A daren da gini ke fashewa ba wanda ya san inda abin zai tsaya. Laifin da na gani shi ne rashin shiri, da ɓoye magana.

Garin Futaba, inda wani sashen gidan wutar yake, yana da mutum kusan dubu 7 kafin haɗarin. Sai a watan Agusta 2022 aka ba da izinin komawa wani yankinshi, kaɗan ne kuma suka koma. Yaran da aka goya a baya sun girma a wasu garuruwa.

Igiyar ta iso har Ayar, ko da ba ruwa. A lokacin wani kamfanin Japan yana da kashi 25 cikin 100 na COMINAK, mahaƙar Akuta da ke kusa da Arlit. Kafin haɗarin ana sayar da laba ɗaya ta uraniyom, wato kusan rabin kilo, wajen dala 70. Da Japan da Jamus suka rufe tukwanensu masu saye suka ragu, a ƙarshen 2016 ta faɗo ƙasa da dala 20. A 2014 aka dakatar da aikin babbar mahaƙar Imuraren, samari da yawa da suka tafi neman aiki suka dawo gida. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan aikin da ta fara tun 1978, don ƙarfen ya ƙare ga kuma kasuwa ta faɗi. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aikinsu. Ta bar tudun tarkace na tan miliyan 20 kusa da gari, wanda kamfanin ya yi alkawarin rufewa da laka da duwatsu.