Faɗan Mutunci: Daren Da Ya Sa Boston Ta Canja Dokarta

Kamar kullum, wannan shi ne rubutun shirin da muka saki, domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, lokacin da take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Maganarmu a kan wata al'ada ce da Turawa ke kira duwel. Ba faɗan kasuwa ba ne da ake yi cikin ɗumin zuciya. Mutum ya zage ka, ko ya ce kai maƙaryaci ne a gaban jama'a, sai ka aika masa da saƙo: mu haɗu wuri kaza, lokaci kaza, da takobi ko da ƙaramar bindiga. Sau da yawa kowa na zuwa da wakilinsa, wanda zai tabbatar an bi ƙa'ida. Idan ka ƙi zuwa, to ka zama ragon maza, babu mai sake zama da kai a majalisa. A dokar Ingila ta wancan zamani kuwa hukuncin a fili yake: wanda ya kashe mutum a irin wannan faɗa ya yi kisan kai da gangan, hukuncinsa rataya. To amma a kan wa dokar take hawa? Nan ne labarin yake.

Mu fara da 1621, a Plymouth. Turawan da jirgin Mayflower ya kawo a 1620 ko shekara ba su cika ba a wurin. Wasu samari biyu, Edward Doty da Edward Leister, dukansu barorin wani mutum mai suna Stephen Hopkins, suka fito wa juna da takobi da wuƙa. Ɗaya ya ji rauni a hannu, ɗaya a cinya, ba wanda ya mutu. Mutanen gari suka taru suka yanke hukunci: a ɗaure kowannensu kai da ƙafa a haɗe, na tsawon awa 24, ba ci ba sha. Cikin awa guda azaba ta ishe su, suka yi ta roƙo da alkawarin ba za su ƙara ba, ubangidansu ya sa baki, aka kwance su. Ku riƙe wannan a ranku: barori ne, kuma nan take hukunci ya same su.

Yanzu mu tsallake shekara ɗari da 'yan kai, mu matsa arewa kaɗan zuwa Boston, babban garin yankin Massachusetts. Ran 3 ga watan Yuli 1728, gardama ta kaure tsakanin wasu samari biyu 'ya'yan manya. Ɗaya Henry Phillips, ɗan gidan masu sayar da littattafai, wanda ya gama karatu a Harvard. Ɗayan Benjamin Woodbridge, ɗan shekara 19 kacal. Da dare ya yi suka nufi filin garin da ake kira Boston Common, suka zare takubba. Phillips ya soki Woodbridge, shi ma ya samu rauni, ya bar wurin. Sai da gari ya waye aka tsinci gawar Woodbridge a filin.

To ina Phillips? Hausawa suka ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Yayansa Gillam yana auren 'yar'uwar Peter Faneuil, ɗan gidan manyan attajiran Boston. A daren nan aka lallaɓa da shi zuwa wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Sheerness, wanda ke shirin tashi. Kafin hukuma ta gama shelar a kamo shi, jirgi ya yi nisa. An tuhume shi da kisan kai, amma bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Ya ƙare a La Rochelle ta ƙasar Faransa, inda dangin Faneuil suke da 'yan'uwa. Sai dai fa gudun bai yi masa rana ba, domin a 1729, ko shekara ba a yi ba, ya mutu a can, nesa da mahaifiyarsa da garinsu. Shi kuwa Faneuil, har gobe akwai wani shahararren gini a Boston da ke ɗauke da sunansa, Faneuil Hall.

Abin ya girgiza garin. Da ma akwai dokar 1719 da ta tanadi tara ko ɗauri ga masu wannan faɗa, amma majalisar yankin ta ga ba ta tsoratar da kowa. A cikin 1728 ɗin suka yi sabuwa, kuma ina so ku saurari abin da ke cikinta da kyau.

Idan kun yi faɗan ba a mutu ba, za a ɗora ka a amalanke da igiya a wuya, a bi da kai ta cikin gari zuwa wurin da ake rataye masu laifi, ka zauna a can awa guda jama'a na kallonka, sannan ka yi wata 12 a kurkuku. Idan kai aka kashe, ba za a yi maka jana'iza irin ta addini ba. Za a binne ka ba akwatin gawa, kusa da wurin rataya, a kafa turke ya ratsa jikinka. Idan kai ka yi kisan, a rataye ka, kuma haka za a yi wa taka gawar.

Na farko da na karanta wannan, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Amma da na zauna na yi tunani sai na gane dabarar. Wannan binnewa da turke, ita ce a Ingila a wancan zamani ake yi wa wanda ya kashe kansa. Wato majalisar tana cewa: wanda ya tafi filin nan da ƙafarsa, kansa ya kashe. Sun fahimci cewa saurayin da ke shirye ya mutu don kada a kira shi matsoraci, ba za ka razana shi da mutuwa ba. Mutunci ya je nema, sai suka ce to a nan za ka rasa shi, kai da gidanku. Shi Woodbridge ya tsallake, don an binne shi kafin dokar. Kabarinsa na nan da dutsensa a maƙabartar Granary.

Kada ku ɗauka takarda ce kaɗai ta yi aikin. Mutanen yankin masu tsananin riƙo da addininsu ne, da ma ba sa ganin wannan faɗa a matsayin bajinta, shi ya sa dokar ta samu wurin zama. Ku kwatanta da abin da ya faru a wani yankin mulkin Ingila, wato Kanada. A Janairun 1800, a garin York da yau ake kira Toronto, John Small, magatakardan majalisar zartarwa, ya harbi John White saboda wata magana da ya yi a kan matarsa. White ya mutu washegari. Kun san wane ne White? Shi ne Antoni Janar na yankin, babban mai tsaron doka da kansa! Aka gurfanar da Small da laifin kisan kai, kotu ta sallame shi. Dokar kisan kai iri ɗaya ce da ta Ingila, amma manyan garin ba su ga laifinsa ba.

Ni da nake yawan zama da matasa ana sasanta rigingimu, abin da na ɗauka daga nan biyu ne. Na ɗaya, dokar da ke ɗaure bara cikin yini guda, ta bar shafaffe da mai ya hau jirgi, ita da kanta take koya wa mutane raina ta. Na biyu, muddin majalisar abokai tana yi wa mai zubar da jini kirari, tana yi wa mai haƙuri dariya, to hukunci komai tsananinsa zai sha wuya. Woodbridge shekararsa 19. Yau babu mai iya gaya maka wace kalma ce ta yi zafin da har ta kai a mutu a kanta.

Ku faɗa mini ra'ayinku: kunyatarwa irin ta Boston adalci ce, ko ta wuce gona da iri, tunda gawa ba ta ji, dangi ne ke ji? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu haƙuri da juna, Ya tsare mana matasanmu.