ME AKE AUNAWA A AWO? ƊAN TARIHI DAGA GWANDU ZUWA KALGO

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni, musamman ku magidanta, don da ku nake.

Tun watan Nuwamban 2024 da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata masu ƙaramin ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, ake ta ja-in-ja a nan Facebook. Wasu na yabo, wasu na cewa a takarda kawai abin zai tsaya. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Tiyata ƙarshen hanya ce. Kafin mace ta kai gaban wuƙar likita akwai wata tara, kuma a cikin watannin nan ne ake gane wadda za ta shiga hatsari tun tana tafiya da ƙafarta. Wannan shi ne awo, kuma a nan aka bar mu a baya.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 67 cikin ɗari na masu ciki a Nijeriya sun ga ƙwararre a lokacin goyon ciki. A Imo kashi 97. A Kebbi kashi 15, mu ne na ƙarshe a duk ƙasar. Akwai bayanin da ya kamata a yi kan wannan adadi, zan zo kansa. Amma da farko, ina abin ya samo asali?

Masu cewa kula da lafiyar jiki baƙon abu ne da Bature ya kawo mana ba su karanta tarihin Gwandu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin daula daga Gwandu, yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda cikakken sunansa ma ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu kan basir da ciwon ido da sauran cututtuka. Nana Asma'u kuwa, a Tabshirul Ikhwan da ta rubuta a 1839, ta tattaro surori da ayoyin da ake neman waraka da su, har da abin da ya shafi mai ciki da mai naƙuda. Ke nan lamarin mai ciki yana cikin abin da ya dami malamanmu tun wancan lokaci. Abin da ba su da shi, su da sauran duniya a zamaninsu, shi ne kayan aunawa.

A gargajiyarmu akwai tsarin kula da mai ciki, kuma ba na raina shi. Ciki na fari idan ya kai wata bakwai sai yarinya ta koma gidansu goyon ciki, uwarta ta sa mata ido. A ba ta rubutu, a ba ta maganin zaƙi. Amma ku lura da aikin ungozoma: galibi sai bayan mace ta durƙusa ta haihu ake kiranta, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta taya wankan jego. Babu wani a tsarin nan da aikinsa shi ne ya duba mace mai ciki wadda ba ta ce komai na damunta ba. Ga kunya kuma, wadda ke sa yarinya ta ɓoye cikin fari har sai ya fito da kansa. Shi ya sa har gobe in ka ce za ka kai matarka awo, wata tsohuwa a gidanku za ta ce maka, "Mi ag gare ta? Ciki ciwo na?"

Kada ku yi wa tsohuwar nan dariya, don Turawa ma haka suke tunani har farkon ƙarnin da ya wuce. Sai a 1901 wani likita a birnin Edinbara mai suna John Ballantyne ya yi kira da a keɓe wuri don duba masu ciki kafin haihuwa. Abin da ya samu da farko gado ɗaya ne tak. Sai a 1929 Ma'aikatar Lafiya ta Ingila ta fitar da jadawali: a zo a mako na 16, na 24, na 28, daga nan duk bayan mako biyu har zuwa na 36, sannan duk mako har a haihu. Wato awo a matsayin tsari bai cika shekara ɗari ba ko a can. Mu kuwa nan, bayan fadar masarauta ta koma Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa, asibiti ma can ya bi ta, shi ne wanda yau ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Mutumin ƙauye sai dai ɗakin shan magani na En'e, inda ake wanke gyambo a ba da maganin tari. Mace mai ciki ba ta cikin lissafi sai in naƙuda ta gagara.

To me ake aunawa? Nan nake so mu ɗan daɗe, don na lura da yawanmu muna biyan kuɗin mashin a kai mace awo, ba mu san me ya kamata a yi mata ba.

Na farko kuma mafi girma, awon hawan jini da gwajin fitsari. Kun san jijjiga, wadda ke kama mai ciki ko mai jego ta faɗi tana taune harshe, a ce iska ce ko maita. Tun 1843 wani likita a Landan, John Lever, ya gano cewa fitsarin masu wannan ciwo yana ɗauke da wani sinadari da bai kamata ya fito ta nan ba, kuma ana iya ganinsa kafin jijjigar ta zo. A 1896 wani ɗan Italiya, Riva-Rocci, ya ƙera abin nan da ake ɗaurawa a dantse a hura. Da aka haɗa biyun sai aka samu hanyar hango jijjiga tun da sauran makonni. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma fitsari ya nuna alama, to akwai magana. Abin tsoron shi ne mace tana iya kaiwa wannan matsayi tana daka, tana ɗebo ruwa, ba ta jin komai. Don haka kowane zuwa sai an auna, ba ranar farko kawai ba. Matar da ta je awo ta dawo ba a ɗaura mata wannan abu a hannu ba, wallahi yawo ta je.

Na biyu, jini. Ana ɗiba a ga ko ya yi ƙaranci, a san rukuninsa saboda ranar da za a buƙaci ƙari, a duba sikila, sannan a duba ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere, waɗanda ake iya kare jariri daga gare su in an sani da wuri. Ƙarancin jini shi ne ke mai da zubar jinin da wata za ta jure ya zama ajalin wata. Shi ya sa ake ba da jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini a sha kullum. Suna sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne, kuma kada a kora su da shayi don yana rage musu ƙarfi. Masu cewa ƙwayoyin na sa ɗa ya yi ƙato ya gagara fita, ku jira ku ji labarin Zariya.

Na uku, zazzaɓin cizon sauro. Mu mutanen fadama ne, daga Kalgo har Zuguru da Diggi sauro ba baƙo ba ne. Zazzaɓin yana iya maƙalewa a mabiyiya ba tare da jiki ya yi zafi ba, ya cinye jinin uwa, ya sa a haifi ɗa ɗan mitsitsi. Bayan ciki ya wuce wata uku ana ba da Fansidar ƙwaya uku a haɗiye a gaban malamar asibiti, a maimaita duk bayan wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Sai gidan sauro. Sai allurar tetanus, aƙalla sau biyu da tazarar wata guda, wadda ke kare jariri daga ciwon nan da ke shiga ta cibiya ya sandarar da shi ya kasa kama nono.

Sauran kuma kun sani: a hau sikeli, a auna tsawon ciki da tef, a laluba kwanciyar ɗa, a saurari bugun zuciyarsa da ɗan mazurarin nan da wani likitan Faransa, Pinard, ya ƙirƙiro a 1895, wanda har yau yana aiki ba ya neman wuta ko batir.

Yanzu labarin Zariya. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison, ɗan asalin Abonnema a Jihar Ribas, shi da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, suka wallafa sakamakon a 1985. Mata ne irin namu, Hausawa da Fulani da sauran maƙwabta. Abin da suka gano shi ne mafi yawan waɗanda suka mutu ba su taɓa zuwa awo ba, an kawo su ne ranga-ranga bayan an gama gwada komai a gida. Waɗanda suka yi awo, mutuwa a cikinsu kaɗan ce ƙwarai. Suka kuma gano wani abin mamaki: ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka ba ƙwayoyin ƙarin jini da maganin zazzaɓi, da yawansu sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, kuma buƙatar yi musu aiki ta ragu. Wannan bincike na cikin abubuwan da suka farkar da duniya kafin taron Nairobi na 1987 kan kare rayukan iyaye mata. A ƙasarmu aka samo hujjar, da matanmu, amma mu ne har yau ake roƙo.

Daga nan gwamnatoci sun yi ta fito da tsare-tsare. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage kan ƙananan asibitocin matakin farko. Aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. A 2009 aka zo da shirin tura ungozomomin zamani karkara. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa da ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Mu da muke aikin gwamnati mun san yadda tsari ke da kyau a fayil, mun kuma san tazarar da ke tsakanin fayil da ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta canza magana: a 2002 ta ce zuwa huɗu ya isa, a 2016 ta mai da shi takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ku lura yadda zuwan ya cunkushe a ƙarshe, don a lokacin ne hawan jini ya fi yin shigar sauri.

Na ce zan dawo kan kashi 15 ɗin nan. Binciken 2018 likita da nas da ungozomar asibiti ya lissafa a matsayin ƙwararru. Ma'aikatan lafiya na al'umma, irin waɗanda ake horarwa a makarantar Jega, ba su shiga ba, alhali a ƙauyukanmu su ne ke riƙe da awo. Ke nan matan da ke zuwa sun fi abin da adadin ya nuna. Amma kada mu yi saurin murna, don abin da hakan ke faɗa shi ne nauyin ran matanmu yana wuyan ma'aikaciya ɗaya ko biyu a ɗan ƙaramin asibitin mazaɓa, wadda ita ce mai ba da kati, ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa da tsakar dare.

Ina alfahari da babban asibitin da aka gina a Kalgo, kuma ranar da ake buƙatar tiyata ko ƙarin jini dole sai irinsa. Sai dai matar da ke bayan Dalijan ko Kambaza, da damina, ba ginin Kalgo ne zai gano jininta ya hau ba. Abin hurawan nan ne na asibitin mazaɓarsu, in yana aiki. Cibiyar masu yoyon fitsari da ke Gesse a Birnin Kebbi kuwa, duk wanda ya taɓa leƙawa ya ga abin da doguwar naƙuda ke bari.

Abu biyu na ga sun zama mana al'ada, kuma duka biyun ba na goyon baya. Na farko, zuwa awo sau ɗaya a wata na bakwai ko takwas don a karɓi kati, saboda kada a yi faɗa ranar da aka zo da matsala. Katin sai ya zama kamar tikitin shiga mota. Na biyu, sikanin. Yanzu an mai da hoton ciki shi ne awo gaba ɗaya: a biya kuɗi a wani shago, a ce ɗa na kwance daidai, a dawo gida da takarda ana murna. Hoton yana da amfani, shi ya sa aka ce a yi sau ɗaya kafin mako na 24, a san kwanan ciki, a san ko tagwaye ne. Amma ba ya auna hawan jini, ba ya ganin ƙarancin jini, kuma waɗannan ne ke kashewa.

Kai maigida, in ta dawo daga awo karɓi katin ka duba. An rubuta awon jini na yau? An gwada fitsari? Ta haɗiyi Fansidar? Yaushe aka ce ta koma? Ka san rukunin jininta, ka san wa zai ba ta a cikin dangi, ka san mai motar da za ka buga wa waya ƙarfe biyun dare. Ka kuma bar izini a gida, a gaban mahaifiyarka, cewa in an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, a wuce da ita asibiti ko kana Legas. An sha zama da mace tana zubar da jini ana jiran mai gida ya dawo daga kasuwar Jega.

'Yan Gwandu da Kalgo da ke nan, musamman 'yan kwamitin ci gaban mazaɓa, ina da roƙo. Kowa ya leƙa asibitin mazaɓarsu a wannan makon ya tambayo mana: wace rana ce ranar awo, abin awon hawan jini yana aiki, akwai tsinken gwajin fitsari, akwai Fansidar da ƙwayar ƙarin jini? Ku rubuto sunan mazaɓar da abin da kuka tarar, in mun tattara sai mu kai wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu a rubuce.